Ɗan Farin Namadi

Namadi ya yi shekaru yana ɓoye ciwonsa. Gwaiwa ce. Ta fara kamar ƙwan zabo, ta yi ta girma har ta kai ƙoƙo, shi kuwa ya ƙara wa wandonsa faɗi ya yi shiru. Matarsa Tani kaɗai ta sani, ita ma ƙasa ta rufe mata ido bara waccan. 'Ya'yansa mata suna ɗakunan mazansu, ɗaya a Maraɗi, ɗaya a Sakajiki. Gidansa na can ƙauye a ƙasar Zurmi ya rage daga shi sai akuya da rumbun dawa.

Yana da ɗa namiji guda, shi ne ɗan fari. Tun ranar suna Namadi bai taɓa kama sunan yaron da bakinsa ba. Haka ya taras ana yi a gidansu, uba ba ya kiran ɗan fari, ba ya hira da shi, ba ya nuna shi a cikin mutane ya ce ga nawa. Da aka yaye yaron, Jibrin ƙanen Namadi, mai sayar da shanu a Shinkafi, ya zo ya ɗauke shi. Jibrin ne ya yi masa kaciya, shi ya sa shi boko. Sunan yaron Kamaluddeen, amma a bakin Namadi shi ne "wancan" ko "yaron Jibrin". Idan ya zo gaisuwar salla, sai ya durƙusa a bakin zaure, Namadi ya amsa yana kallon bango. Ba ƙi ba ne. Ranar da labari ya zo cewa an ɗauki yaron karatun likita a Sakkwato, Namadi ya saɓi fartanya ya tafi gona, bai dawo ba sai da rana ta faɗi, don kada a ga abin da ke fuskarsa.

A bazarar shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Gusau, ciwon ya kayar da shi. Ya hau rumbu zai sauko da damin dawa, sai wani abu ya murɗe masa a mara. Ya faɗi yana amai, babu mai ce masa sannu sai akuya. Da ya samu ya lafa, ya ja jiki zuwa wurin mai kyamis a Zurmi. Mutumin bai ɓoye masa ba. Ya ce tiyata ce, in kuwa aka bari hanji ya ƙulle, to sai dai a haƙa rami.

"Ka tahi Sakkwato, Baba," in ji mai kyamis. "Babban asibiti, ga kuma ɗanka can."

Dalilin da ya sa ke nan Namadi ya shiga motar Ƙaura, ba ta Sakkwato ba.

A wani asibiti na garin aka karɓe shi. Malamin asibiti ya tambaye shi, "Wa za shi yi jinyarka?"

"Allah."

"Ba ka da ɗiya?"

"Akwai mata. Suna gidan aure."

Aka ba shi gado a jikin bango, a ɗakin maza. Ɗakin dogo ne, gadaje jere kamar kunya a gona, babu abin da ya raba wani da wani. Kowa na ganin kowa. A gadon kusa da shi akwai wani direban babbar mota mai suna Jafaru, an rataye masa ƙafa da ta karye. Ƙafar ce kawai ta karye, bakin lafiyarsa lau.

"Tsoho, sannu da zuwa. Mi ya kawo ka?"

"Ciwo."

"To ai ban ce biki ba. Ciwon mi?"

"Na ciki."

Jafaru ya ɗaga kai ya dubi wandon Namadi. "Wanga ciki naka ya sauka ƙasa ƙwarai."

Namadi ya juya masa baya. Da la'asar 'yan gaisuwa suka cika ɗakin da kwanuka. Kowane gado da mai zama a gefensa, wannan ana yi masa fifita, wancan ana dama masa fura. Namadi ya kwance ƙullin ƙuli-ƙulinsa, ya ci yana kallon bango. Jafaru ya turo masa kwanon tuwon da matarsa ta kawo, ya ce ya ƙoshi.

"Girman kai ba ya maganin yunwa, tsoho. To bari in gaya maka, gobe ka shirya. Akwai zagaye. 'Yan koyo sun zo daga Sakkwato, babban likita na karantar da su da jikinmu. Mu ne allon."

Da jin Sakkwato Namadi ya tuna da yaron Jibrin. Sai ya ce a ransa, Sakkwato gari ne babba, masu karatu a can ba su ƙirguwa.

"Ka ga ikon Allah," in ji Jafaru. "An yi shari'a, an raba maza da mata ga mota, ɗan acaba ya daina ɗaukar mace. Nan kuwa sai a yaye ma dattijo zane gaban 'yan mata ana turanci bisa kainai. Amma yaran na da kirki, wallahi. Wai wata ƙungiya gare su ta kare mutuncin marar lahiya. Sun kai ma tela yadi ya ɗinka musu labule, suna yawo da shi gado gado. Sai sun yi maka sallama, sun tambayi sunanka. Babban likita ya ce ɓata lokaci ne."

Da hantsi suka shigo. Babban likita a gaba, mutum ne gajere mai sauri, haihuwar Kaduna, shi kaɗai ke yin tiyata a asibitin, kullum idonsa ja don gajiya. Bayansa ɗalibai cikin fararen riguna, maza da mata. Wata budurwa mai hijabi tana rungume da labule shuɗi a naɗe. Namadi yana kallo suka tsaya a gadon wani Bafillace a can farkon ɗaki. Budurwar ta fara warware labulen, likita ya ɗaga mata hannu. Ya fizge mayafin mutumin, ya yi ta latsa cikinsa yana magana, ɗalibai suna leƙe. Bafillacen ya rufe idonsa da hannu.

Sai Namadi ya hangi wani dogo a bayan taron. Tsayin na Tani ne, kafaɗun na Namadi ne. Ya ja mayafi har wuya, ya kafe bango da ido.

Ya ji takunsu yana matsowa. Suka yi wa Jafaru tasu, ya yi musu barkwanci, suka yi dariya. Sannan inuwarsu ta rufe shi.

"Wannan ne mai gwaiwar," in ji likita. "Irin wannan ba kullum za ku gan ta ba. Ku matso. Kamaluddeen, zo ka duba ka gaya mana abin da ka ji."

Kamaluddeen bai matso ba. Likita ya kama gefen mayafin. Namadi ya damƙe nasa gefen da hannu biyu, hannun manomi, mayafin bai motsa ba.

"Ranka ya daɗe," in ji budurwar, "ba a tambaye shi ba."

"Mardiyya, akwai mutane a layi tun asuba suna jirana. Mu da haka muka koya. Baba, saki mana, taimakonka za a yi. Kamaluddeen, kai nake jira."

"Ba ni iyawa, ranka ya daɗe."

Namadi ya daɗe bai ji muryar a kusa haka ba. Ta yi kauri, ta zama ta babban mutum.

"Ba ka iyawa? Saboda me?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce a hankali, "Mahaifina ne."

Likita ya sunkuyo.

"Baba, jiya aka ce mini ba ka da kowa. Wannan ɗanka ne?"

Ga ɗaki cike da maza, ga 'yan mata, kowa ya zuba kunne. Abin da uban Namadi bai yi ba, kakansa bai yi ba, shi ake so ya yi yana kwance. Bakinsa ya ba da amsar da ya saba bayarwa.

"Yaron Jibrin ne."

Likita ya miƙe. Ya dubi Kamaluddeen sama da ƙasa. Ya yi magana da turanci, gajeriya mai zafi, ya nuna ƙofa. Namadi ba ya jin turanci, amma ya ji takun yaron yana fita. Likita ya ce tun da tsohon ba ya so a duba shi, a wuce gado na gaba. Suka wuce.

"Kai tsoho," in ji Jafaru da suka fita, muryarsa ƙasa ƙasa, "ka kashe yaro da ranshi. Wancan likita bai san kunyar ɗan fari ba. Ya ɗauka ƙarya yaron ya yi don gudun aiki."

Namadi ya jira aka yi azahar. Ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki butarsa da ƙullin kayansa, ya fita ta ƙofar baya. Gara ya mutu a ɗakin Tani da suturarsa.

Tasha ba nisa, amma ga mai gwaiwa tafiya ce. Yana tafe yana buɗa ƙafa, rana na dukansa, yana tsayawa a inuwar kowane shago kamar mai duba kaya. Ya samu motar Zurmi ba ta cika ba. Ya zauna a benci ƙarƙashin rumfa. Kusa da shi mai shayi ya kunna rediyo, wani malami yana bayani a kan mudu da sikeli. Mutane na ta shige da fice, babu wanda ya san shi. Ciwon ya fara motsi a mara, kaɗan kaɗan, kamar maciji na juyi a rami.

Can sai ga budurwar nan, ta cire farar riga, ƙura har idon sawu don a ƙasa ta zo. Bayanta dogon nan. Shi bai ƙaraso ba. Ya tsaya a gindin motar, ya ba rumfar baya. Ita ta zo ta durƙusa.

"Baba, ina wuni. Sunana Mardiyya."

"Lahiya."

"Munka duba gado ba mu gan ka ba. Baba Jafaru ya ce mu nemi tashar Zurmi."

"Mai bakin nan."

"Baba, abin da anka yi maka ɗazu ba daidai ba ne. Na zo in ba ka haƙuri."

"Ke kinka yi?"

"Ina wurin anka yi."

Namadi ya dube ta a karo na farko. Yarinya ce ƙarama, ba ta kai autarsa ba. Ya ce, "Ko gawa, in za a yi mata wanka, sai an sa ƙyalle an ruhe mata. Gawa ke nan, wadda ba ta gani ba ta ji."

"Shi munka ce ma likita. Mu duka munka tahi ohis ɗinshi. Munka ce jikin mutum nashi ne, ba a buɗe shi sai ya yarda, ba a tara mashi jama'a sai ya yarda. Yana cikin karatunmu, tsallake shi akai. Ya yi hushi, ya ce mu zo mu karɓi asibitin mu riƙa. Amma ya yarda. Daga shi sai malamin asibiti namiji, bayan labule. Ba ɗalibi ko guda."

"In ya saɓa?"

"Ni zan tsaya bakin labule."

Namadi ya kusa yin murmushi. Ya dubi ƙasa. Ya daɗe yana murza igiyar buta kafin ya ce, "Wancan hwa? Mi anka ce mashi da turanci?"

Mardiyya ta ce, "An ce shi bar zagaye. Likita ya ce ba shi sa hannu ga takardar maƙaryaci."

Daga gindin mota muryar ta taso, ba tare da mai ita ya juyo ba. "Mardiyya, ki ce mashi kada shi damu da nawa. Shi dai shi koma a yi aikin. In hanjin ya ƙulle ga hanya ba a kai wa ko'ina."

"Ki ce ma wancan ban tambaye shi ba."

"Ki ce mashi na ji."

"Ki ce mashi da ya yi shiru ɗazu da duk ba a kai nan ba."

"Ki ce mashi da na yi shiru, da hannuna za a sa in buɗe shi."

Mardiyya ba ta isar da ko ɗaya ba. Tana durƙushe tsakaninsu, kanta a ƙasa. Mai shayi ya rage rediyo yana kallonsu.

Maganar nan ta ƙarshe ta zauna wa Namadi. Yaron ya tsaya gaban babban likita da abokan karatunsa ya ce ba ya iyawa. Ya ɗauki sunan maƙaryaci ya fita da shi, bai tsaya jayayya ba. Jibrin ya yi reno.

"Zurmi mutum ɗaya!" in ji ɗan kamasho yana dukan jikin mota. "Zurmi mutum ɗaya! Baba, in za ka, taso, kai muke jira."

Namadi ya hango gidan. Ɗaki da duhu, tabarma, akuya na kuka a waje. Ya san yadda za ta kasance. Zai yi ta murƙususu shi kaɗai har sai maƙwabci ya ga kwana biyu bai fito masallaci ba. Ya san kuma in ya shiga motar nan, abin da ya faɗa a ɗakin can ya zauna ke nan, babu mai gyara shi.

"Baba, za ka ko ba ka zuwa?"

"Nemi wani."

Ya dafa benci ya miƙe. Mardiyya ta kai hannu za ta ɗauki ƙullin, ya hana, sai ya bar mata butar. Suka kama hanya, shi a gaba, ita a baya, dogon nan can nesa kamar ba tare suke ba.

Bai koma gadonsa ba. Ya ce a kai shi wurin likita. Suka same shi ya fito daga wani aiki yana wanke hannu. Namadi ya ƙi zama.

"Na dawo. An ce daga kai sai malami guda."

"Haka suka matsa mini," in ji likita. "Na yarda. Gobe da safe za a yi, kada ka ci komai bayan isha'i."

"Saura magana guda. Yaron nan bai yi ƙarya ba."

Likita ya daina goge hannu. "To me ya sa ka ce ɗan Jibrin ne?"

"Jibrin ya rene shi."

"Amma kai ka haife shi?"

Namadi ya kalli bango. Malamin asibiti, wanda ɗan ƙasar ne, ya matso ya yi wa likita raɗa. Likita ya saurara, ya girgiza kai, ya ja dogon numfashi irin na wanda aiki ya yi wa yawa.

"To. Ya dawo zagaye gobe. Kuma tun da haka ne, Baba, in kana so ya shiga ɗakin tiyata ya tsaya a wajen kanka. Ba zai ga komai ba, akwai mayafi. Mutum yakan so nasa a kusa."

"A'a."

"Ka tabbata?"

"Ko duk duniya za ta shiga, ban da shi."

Da yamma aka kewaye gadonsa da labule, likita ya duba shi, malamin asibiti na riƙe da fitila. Ba a daɗe ba. Ta ƙarƙashin labulen Namadi na ganin ƙafafun Mardiyya, ta ba su baya, tana korar mai leƙe. Da aka yaye, Jafaru ya ce, "Sannu ango, an hito daga lalle." Namadi bai kula shi ba, amma da aka turo kwanon tuwo kafin magariba ya ci loma kaɗan.

Gari ya waye. Aka kawo gadon turawa, ya ce da ƙafarsa zai je. Aka ba shi wata riga mai buɗaɗɗen baya, ya ɗaura zanensa a kai. Ya bi baranda a hankali yana dafa bango. A bakin ɗakin tiyata akwai benci inda dangi ke zama su jira. Wata tsohuwa na kai da tasbaha, tana jiran nata. Ban da ita ba kowa.

Can ƙarshen fili, wajen famfo, wani dogo cikin farar riga yana tsaye a rana, fuskarsa na kallon katanga. Namadi ya gan shi da gefen ido. Bai juya ba.

Malamin asibiti ya buɗe masa ƙofa. Ciki da sanyi da warin magani. Ya hau teburin da kansa, ya kwanta. Aka rufe shi daga ƙirji har gwiwa kafin a zare zanen ta ƙasa. Fuskoki biyu ne a kansa, duk a rufe, babu wadda ya gane.

"Baba Namadi," in ji likita, "za mu fara. Ka yarda?"

"Na yarda."

Ya yi kalmar shahada, ya rufe ido.